Tagar Baffa

Zuwa ga maigidana, Baban 'yan biyu,

Gaisuwa mai yawa da kewa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Ya aiki, ya baƙunta, ya ciwon bayan nan naka? Tunda ka ce waya ba ta kamawa a inda kuke gina madatsar ruwan sai mutum ya hau tudu, na haƙura da kira na koma rubutu. Direbanku ya ce zai riƙa biyowa yana karɓar maka duk sanda ya shigo gari. 'Yan biyu lafiya lau, sai dai ƙaramar tana fitar da haƙori ta hana kowa sakat. Mama tana gaishe ka.

Ka tambaye ni labarin shago. Shago yana nan, ni ce dai ban san ko ina nan ba. Tun da Baba ya rasu ya bar min wurin nan, sunana ne a takarda, amma Baffa ne a bakin mutane. Duk kafintocin nan shi ya koya musu riƙe zarto, saboda haka in na ce a yi abu sai sun waiga sun kalli fuskarsa tukuna. Makon jiya wata mata ta zo ɗaukar kabad ɗinta, har an ɗora a mota, Baffa ya fito ya shafa gefensa ya ce a sauke, murfin bai zauna daidai ba. Matar da bakinta ta ce ita ba ta ga komai ba. Ya ce ai shi ya gani. Da na buɗe baki zan yi magana sai ya yi dariya ya ce mata, “Kada ki damu da Uwata, a kan bencin can take barci tana jaririya.” Kowa ya yi dariya har da matar. Ka san don sunan kakata aka sa min yake kirana haka, amma a gaban mai sayen kaya? Na koma ofis na rufe ƙofa.

Korarsa ba za ta yiwu ba. Ƙanin mahaifina ne, tare suka kafa wurin, ko da yake bai taɓa sa hannu a wata takarda ba, amana ce kawai tsakaninsu. In na ce ya tafi, Mama ba za ta ƙara kallona ba, dangi su cinye ni ɗanya, rabin ma'aikatan kuma su bi shi. Sai dai in shi ya ga dama ya tafi da ƙafarsa.

Bari in ba ka labarin abin da ya ɗan faranta min rai. Na gaji da takardun oda da ake sakalewa a ƙusa, yau a ce iska ta ɗauke, gobe a ce fenti ya zube a kai. Na zauna na haɗa jadawali guda a kwamfuta, kowane aiki da layinsa: mai kaya, abin da yake so, awo, irin katako, wanda zai yi, ranar kaiwa. Sannan na yi wa kowa tasa tagar. Haka nake kiranta don su gane. Jadawalin ɗaya ne, amma in mutum ya buɗe a wayarsa abin da na tace masa kawai yake gani, kuma na adana kowace taga yadda ba mai iya taɓa ta sai ni. Direba yana ganin kayan da aka gama da adireshi, ba ya ganin farashi. Mai sito yana ganin katako da ƙusa da gam da za a fitar. Dogo, wanda ke kan injin yanka, yana ganin awo. Ni kaɗai nake ganin komai. Wallahi ranar da na gama na ji kamar yau na gaji shagon.

Na yi zaton Baffa zai ce shi ba ruwansa da aikin waya, in samu abin faɗa wa Mama. Ina! Washegari sai ga shi a ofis da sabon gilashi a ido, ya ja kujera ya ce in koya masa. Yatsunsa sun yi kanta, sai ya danna abu sau uku kafin wayar ta ji, amma bai tashi ba sai da ya iya. Yanzu kullum da safe shi ne farkon mai buɗewa, yana bin yaran shago yana musu tsiya wai tsoho ya riga su shiga zamani. Har ya gaya wa Mama cewa 'yarta ta fi ubanta kai. Ka ga irin mutumin da nake fama da shi.

Ka kula min da kanka, ka daina ɗaukar kaya masu nauyi kamar ba injiniya ba.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu

*

Zuwa ga maigidana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi. Mu ma lafiya, haƙorin ya fito, gida ya samu barci.

Albishirinka! Mun samu aikin sabon otal ɗin nan da ake ginawa a bakin babban titi: gadaje, kabad, teburan gefen gado, na kowane ɗaki. Tun da aka buɗe shagon ba a taɓa samun irinsa ba. Amma lokaci kaɗan suka ba mu, kuma da allon nan na matsattsen garin katako za a yi, wanda inji ke yankawa a ɗaure da sukuru. Ka san yadda Baffa ya tsane shi, cewa yake yi biskit ne, in ruwa ya taɓa shi ya tashi aiki.

Na cire aikin otal daga tagarsa gaba ɗaya, na bar masa gyaran kujeru da ɗan abin da ba a rasa ba. Sai dai na manta cewa tsoho yana da ƙafa. Kafin azahar ya gama nasa, ya fito yana zagaye, ya ɗaga wannan, ya ƙwanƙwasa wancan. Ya tsayar da Dogo ya sa shi kwance gado huɗu wai ƙafafun za su yi rawa kafin shekara. Mutanen otal shekara suka tambaye ni? Ranar kaiwa suka tambaye ni.

Kwana na yi ina juya abin, sai dabara ta zo min ina wanke kwanukan yara. Na ƙara wani gurbi a jadawalin na rubuta a kansa “Wa zai gani”. Sannan na buɗe sabon layi na rubuta oda: babbar ƙofar shiga gida mai ƙyaure biyu, katakon madaci zalla, sassaƙar hannu daga sama har ƙasa, ganye da fure, ba a son inji ya taɓa ta. A gurbin wa zai gani na sa Baffa. Ba ta cikin tagar direba, ba ta cikin ta Dogo. Katakon ma ni na kira mai sito na ce ya ba shi duk abin da ya nema, kada ya tambaya. Gurbin sunan mai kaya dama ba ya fitowa a tagar kafintoci, sai na bar shi fanko. Ba wanda ya yi odar ƙofar nan, Baban 'yan biyu. Ni na ƙirƙire ta.

Da ma kana nan ka ga fuskarsa da safe. Ya shigo ofis ko sallama bai ƙarasa ba, waya a hannu, yana tambaya wane ne wannan da har yanzu ya san darajar aikin hannu. Na ce wani babban mutum ne da ba ya so a ambaci sunansa, kuma ya ce in ba Baffa ba kada kowa ya taɓa. Ya ja kujera ya zauna. Can ya ce rabonsa da irin wannan aiki tun shi da Baba suna da ƙarfinsu, ya ɗauka zai mutu bai ƙara yi ba. Har da goge ido. Na ce aiki irin wannan yana son natsuwa, gara ya koma ɗakin baya inda muke ajiye ragowar katako, babu ƙarar inji babu mai damunsa. Da kansa ya share ɗakin, ya ja bencinsa, yana gode min.

Tun daga ranar gaban shago ya zama nawa. In na ce a yi, yi ake yi. Gadaje suna fitowa kamar ana buga su a inji, to ai a injin ake buga su.

Na san za ka ce katakon madaci ba araha ba. Na lissafa shi a matsayin kuɗin sayen zaman lafiya, kuma da arha na saya.

Ka gaishe da abokan aikinka. Yara suna ta nuna hotonka suna cewa Baba.

Matarka mai kewarka,
Maman 'yan biyu

*

Maigidana,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kana lafiya. An ce ruwa ya yi muku yawa a can har aiki ya tsaya, Allah ya kiyaye. Mama ta ɗan yi zazzaɓi amma ta warware.

Na ga abin da ka rubuta, wai zuciyarka ba ta kwanta da maganar ƙofa ba, wai in gaya masa tun abin bai yi nisa ba. Kai da kake da ma'aikata a ƙarƙashinka, in wani yana warware maka aikin da ka ƙulla kullum, shafa masa kai kake yi? Kuma wa na cuta? Tsohon nan bai taɓa jin daɗi irin na yanzu ba. Yana riga mai gadi buɗe ƙofa, abincin rana ma sai an kai masa har benci ya huce bai ci ba. Inna, matarsa, ta ce ko a gida zancensa ke nan, yana zana ganye a bayan kwalin magani. Jikarsa ta yi bikin gama makaranta bai je ba, ya ce babban mutum yana jiransa.

Matsalar ita ce yana da sauri fiye da yadda na zata. Na leƙa na ga ƙyaure ɗaya ya kusa kammala, mu kuwa ko rabin aikin otal ba mu yi ba. Sai na buɗe layinsa na ƙara bayani: mai ƙofa ya ga hoto, ya ce furen ya cika girma, a mai da shi ƙanana. Na zauna ina kallo ta gilashin ofis lokacin da saƙon ya shiga wayarsa. Ya karanta, ya cire gilashi ya goge, ya sake karantawa. Ya daɗe a tsaye hannunsa a kan furen. Bai zo ya yi min gardama ba, ni da yake yi wa gardama a kan ƙusa guda. Ya ce wai mai kuɗi da ido ya fi mai kuɗi kawai, mutumin ya yi gaskiya. Ya cire allon tsakiya gaba ɗaya ya faro daga farko. Da ya sake kusa gamawa na ce mai ƙofa ya yi shawara da matarsa, furen farko ya fi. In gaya maka gaskiya, a wannan karon sai da na rufe ofis na yi dariya har da hawaye.

Kurfin sassaƙa ya yanke shi a tafin hannu a makon nan. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, na ce ya je a duba ya ce bayan an kai ƙofa. Ban matsa masa ba.

Dogo ya gano. Ya zo ofis yana murza hula ya ce ya tambayi direba inda za a kai ƙofar Baffa, direba ya ce shi bai ga wata ƙofa a tagarsa ba. Dogo ya ce, “Hajiya, mutumin nan shi ya ɗauko ni daga titi.” Na ce na sani, na kuma san shi Dogo matarsa tana da tsohon ciki, kuma ina neman wanda zan naɗa shugaban ma'aikata da zarar an gama aikin otal. Na juya kwamfutar na buɗe masa sabuwar taga a gabansa, wadda take nuna aikin kowane kafinta, na ce daga yau tasa ce. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce Allah ya ƙara arziki. Yanzu in zai je bayan gida ta waje yake zagayawa don kada ya bi ta ɗakin Baffa.

Ban ɓoye maka ba, ƙofar tana da kyau. Ganyen kamar iska za ta kaɗa su. Wani lokaci yaran sukan tsaya a bakin ɗakin suna kallo, sai na daka musu tsawa. Amma kyau bai taɓa biyan albashi ba.

Ka daina sa damuwar shago a ranka, ka ji da ruwanku. Ka turo min awon ƙafarka, na ga wani takalmi da zai yi maka kyau.

Taka,
Maman 'yan biyu

*

Zuwa ga Baban 'yan biyu,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Direbanku ya zo hannu biyu, ya ce ba ka ba shi komai ba. Na ɗauka aiki ne ya yi maka yawa. Mu dai lafiya lau.

An gama. Bari in ba ka labarin tiryan-tiryan, don na san dangi za su kawo maka nasu.

Ranar da na sa a tagarsa cewa za a kai ƙofa ita ce ranar da za mu kai kashi na ƙarshe na kayan otal. Da gangan na haɗa su. Baffa ya zo da rigarsa ta fita unguwa, ya sa yara suka fito da ƙyauren biyu tsakar shago, suka jingina su da bango, ya lulluɓe da tsohon bargo don kada ƙura ta hau. Ya ce zai bi motar da kansa, ba zai bari wani ya kafa ta a karkace ba, kuma yana so ya ga fuskar mutumin ko sau ɗaya. Ya ɗauko kujera ya zauna kusa da ita.

Direba ya loda gadaje, ya ɗaure igiya, ya tada mota. Baffa ya tashi ya tare gabansa ya ce, “Ƙofa fa?” Direba ya ce wace ƙofa. Baffa ya yi dariya ya ce yaran zamani ba ku karatu, ya ciro wayarsa ya nuna masa. Direba ya ciro tasa. Suka haɗa wayoyin biyu gefe da gefe, kowa yana jan yatsa sama da ƙasa. Ya kira mai sito, shi ma babu. Ya kira Dogo. Dogo yana tsaye a bayan inji, ya ƙi ɗago kai, ya ce a tambayi Hajiya.

Na riga na tanadi ƙarya, cewa mai ƙofa ya fasa. Da na faɗa da ya yarda, ya yi baƙin ciki kwana biyu, ya dawo gaban shago yana ƙwanƙwasa min kaya. To me na yi ke nan? Saboda haka da ya shigo ban rufe ƙofar ofis ba, na bar ta a buɗe yadda na waje za su ji. Na juya masa kwamfutar na buɗe jadawalin duka, yadda ni nake ganinsa. Na nuna masa layin ƙofa, gurbin mai kaya fanko, gurbin wa zai gani sunansa shi kaɗai.

Na ce, “Babu mai ƙofa, Baffa. Ina da aiki a gabana, kana tare min hanya, shi ya sa na nema maka wurin zama.”

Ya sunkuya ya daɗe yana kallon fankon gurbin kamar suna zai fito. Ya ce, “Furen da aka ce a canza fa?” Na ce ni ce. Ya ce, “Da aka ce a mayar?” Na ce ni ce. A waje injin Dogo ya tsaya.

Na jira faɗa, na ma shirya amsoshina. Bai yi ba. Ya miƙe, ya kalli waje inda bargon ya zame gefen ƙyauren ya fito, ya ce a hankali, “Amma ta yi kyau, ko, Uwata?”

Na ce ta ci katako da yawa.

Ya gyaɗa kai. Ya fita ya gyara bargon ya rufe ta da kyau, ya bi ta tsakiyar yaran da ya raina, ba wanda ya iya haɗa ido da shi, ya fice. Direba ya ce zai rage masa hanya, ya ɗaga masa hannu kawai. Na fito na tafa hannu na ce kowa ya koma aikinsa, kuma sun koma. Ka ji? Ba wanda ya waiga neman fuskar kowa.

Mama ta kira ni ta yi kuka ta ce na ci amanar kabarin ubana. Na ce ban kore shi ba, a tambayi kowa, da ƙafarsa ya fita. Za ta huce, ni ke sayen maganinta.

Mun kai kayan otal a kan lokaci. Ka taya ni murna mana.

Matarka,
Maman 'yan biyu

*

Maigida,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya, ko da yake ba ka tambayi tawa ba. Layi uku ka rubuto min bayan duk wannan jiran, biyu a kan yara, ɗaya kuma wai ba ka san matar da ka aura ba. Ka santa. Ita ce wadda take riƙe da gida da shago da yara biyu da tsohuwa mara lafiya, kai kana can kana kallon ruwa. Amma ba faɗa na zauna yi ba, na yafe maka.

Mai otal ya zo shago da kansa don maganar wani sabon aiki, ya ga ƙofar a jingine, ya yaye bargon, ya kasa tafiya. Yanzu haka tana bakin otal ɗinsa, mutane suna tsayawa ɗaukar hoto a gabanta. Na sa an manna ɗan ƙarfe mai sunan kamfaninmu a ƙasanta. Ka ga ashe ba asara na yi ba.

Inna ta zo gidanmu makon jiya. Tsohuwar nan da ta goya ni ta zauna a ƙasa, na ce ta hau kujera ta ƙi. Ta ce Baffa ba ya fita, ba ya cin abin kirki, hannun nan ya kumbura sai da aka kai shi aka tsaga. Ta ce bai taɓa zagina ba, in wani ya fara ma hana shi yake yi. Abin da ya fi damunta, kullum da safe sai ya sa gilashi ya buɗe wayar ya duba tagarsa, ya ga babu komai, ya ajiye, ya juya fuska bango. Na manta ban rufe masa ita ba. Ta ce ba albashi take roƙo ba, 'ya'yansu suna yi musu. Ta kama ƙafata ta ce, “Ki sa masa ko gyaran kujera ɗaya ne, 'yar nan, ya samu dalilin tashi.”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan sa masa wani abu.

Kuma na cika alkawari. Dama akwai abin da ke damuna: akwatin kayan aikinsa. Washegarin ranar da ya tafi ya aiko aka ɗaukar masa, alhali duk wani ƙarfe da ke shagon nan yana cikin abin da Baba ya bar min. Na rasa yadda zan aika a karɓo ba tare da dangi sun sake taso ni a gaba ba. Sai na buɗe masa layi guda na rubuta: ana buƙatarka a shago gobe da safe, ka zo da kayan aiki duka.

Ya riga kowa zuwa. Ya yi aski, ya sa rigar aiki wankakkiya, fensir a bayan kunne, akwatin a hannun da ke da lafiya. Ya rame, rigar tana yawo a jikinsa. Ya gaishe da yaran ɗaya bayan ɗaya da fara'a, har ya tsokani direba. Ya shigo ofis ya ce, “Ga ni, Uwata. Abin da ya wuce ya wuce. Ina aikin?”

Na kira mai sito na ce ya karɓi kayan kamfani ya shigar sito. Baffa bai gane ba da farko, ya ɗauka dubawa za a yi, da kansa ya buɗe akwatin yana miƙawa: zarto, guduma, kurfi manya da ƙanana, duk ya wasa su suna ƙyalli. Mai sito yana karɓa yana jerawa a gefe. Sai da akwatin ya kusa zama fanko ya ɗago ya kalle ni. Ya riƙe wani tsohon gizago mai baƙin ƙota ya ce wannan ba na kamfani ba ne, na mahaifinsu ne, kakana. Na ce to ai ni jikarsa ce, yana hannun gida. Ya sake shi.

Ya sake tambaya, wai bayan wannan babu wani aikin? Na ce wannan ne aikin, kuma ya gama, mun gode. Ya tsaya a tsakiyar ofis hannuwansa a sake, kamar bai san inda ake ajiye su ba. Dogo ya shige bayan gida bai fito ba sai da aka ce Baffa ya tafi. Kafin ya kai bakin titi na goge tagarsa daga jadawalin, don kada Inna ta sake cewa yana wahalar da kansa da dubawa.

Mai sito ya ce min fensirin da ke kunnensa ma daga sito ya fito, ko ya bi shi ya karɓo. Na ce a bar masa. Ka riƙa faɗa wa masu cewa ba ni da tausayi.

Yara sun fara takawa, babbar har gudu take ƙoƙarin yi. Ka sanar da ni ranar da za ka dawo in sa direba ya tarbe ka. Na sa Dogo ya yi mana sabon gado.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu